Gwangwani Ɗari, Babu Lamba

"Yaya, ina kwalayen?"

Ko sallama Radiyya ba ta yi ba. Tana tsaye a bakin sito, lemarta na ɗigar da ruwa a kan siminti, idonta ƙur a kan wata jaka mai ƙaton baki da ke gaban yayanta. Cikin jakar gwangwanaye ne ƙanana masu kama da na man shafawa, an jera su tsaf, tsirara, babu kwali ko ɗaya a jikinsu.

Ƙasimu ya ciji salatif da haƙori ya tsinke shi, sannan ya ɗago yana murmushi.

"A'a, Saja da kanta! Shigo mana. Kin ga aiki ko? Katan biyar ne jiya, yau sun koma jaka ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ina lodi a Guangzhou, ban taɓa biya wa kwali kuɗin jirgi ba."

"Na ce ina kwalayen?"

"Tsohuwar nan mai keke ta kwashe tun da safe. Me za ki yi da shara?"

Ta dafa wata dilar jamfofi da ke jiran jirgin Kano, ta zauna a kai.

Radiyya soja ce, saja, amma ba fagen daga ya kawo ta China ba. 'Yar wasan harbi ce, da bindigar iska, daga nisan mita goma, inda ɗigon da ake nema bai kai kan allura girma ba. Kwana tara suka rage a yi gasar Afirka a Alƙahira, kuma ita da kanta ta san wannan ce ta ƙarshe gare ta. Shekarunta talatin da shida, likita ya riga ya gaya mata idonta na dama ya fara gajiya.

Harsashin wannan bindiga 'yar ƙwayar dalma ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Masana'anta na yin ta zubi-zubi, kowane zubi da lambarsa. A ido duk ɗaya suke. A cikin bututun bindiga kuwa kowane da halinsa, kuma zubin da ya yi wa bindigar wani daɗi sai ya watsa wa wani ƙasa a ido. Shi ya sa ta yi kwana uku cur a filin harbi, an ɗaure bindigarta a teburin ƙarfe, tana gwada zubi biyar ɗaya bayan ɗaya, har ta samu nata: na huɗu. Gwangwani ashirin nata ne. Sauran tamanin ɗin, na ragowar zubin da ta ƙi, za a kai wa yara masu koyo a gida.

Lambar zubi kuwa a jikin kwali ake buga ta. A jikin gwangwani babu komai sai zanen kamfani.

"Yaya," ta ce a hankali, "wanne ne nawa a ciki?"

"Duk naki ne mana."

"Na huɗu. Wanne ne na huɗu?"

Ya leƙa jakar, ya ɗauko ɗaya, ya juya shi, ya ɗauko wani. Murmushin ya fara bajewa, amma bai sauka daga kan bakansa ba.

"Haba Auta. Kamfani ɗaya, inji ɗaya, dalma ɗaya. Ko shadda ce ai in ta fito daga inji ɗaya..."

"Gwangwanaye biyar na samfur da na gwada fa, waɗanda ba sa cikin ɗarin? Waɗanda na rubuta wa lamba da hannuna?"

"Waɗannan da suka yi rabi-rabi? Na haɗe miki su cikin biyu, ga su can a gefe. Wa zai ɗauki iska zuwa Misira?"

Ta rufe ido. Da waɗannan suna nan, da tana da abin kwatantawa. Yanzu shi ma ya tafi.

A daidai nan Osmanu ya shigo yana karkaɗe rigar ruwa. Mutumin Kumasi ne, ɗan zango, shi ne mai siton, kuma da sunan kamfaninsa aka nemo takardar izinin fitar da kayan. Tun asuba yana Pazhou wajen baje koli. Yana ganin jakar ya tsaya cak.

"Ƙasimu! Wane ne ya yanke hatimi?"

"Wane hatimi? Jar ledar nan?"

"Jar leda! Wallahi ka kashe ni. Na gaya maka wannan ba atamfa ba ne, ba takalmi ba ne. A ƙasar nan harsashi ne. Takarda ta ce daga masana'anta zuwa sito, daga sito zuwa filin jirgi, a rufe. A rufe, maigida!"

"To ai sai a mayar."

"A mayar cikin me? Cikin hularka?"

Radiyya ta riga ta ciro waya. Ta kira wakilin masana'antar, ta roƙe shi da guntun Turancin da suke fahimtar juna da shi: ko akwai sauran zubi na huɗu, ko gwangwani ɗaya ne? Ta ji yana taɓa kwamfuta. Amsar da ya bayar ko ɗan koyo a kasuwar Guangyuan ya san ta.

"Meiyou."

Babu. Wata tawaga ta kwashe ragowar tun shekaranjiya.

Ta miƙe. "Ɗauko jakar, Yaya. Filin harbi za mu."

Osmanu ya tare ƙofa da hannu biyu. "Ƙanwata, ki ji tsoron Allah. Yanke hatimi laifi ɗaya ne. Fita da shi kan titi laifi na biyu."

"Jibi jirgina zai tashi, Alhaji. Gobe 'yan wasan lardi za su shiga filin, ba mai ba ni ko minti ɗaya. Yau ce kawai."

Ya dube ta, ya dubi Ƙasimu, ya ja tsaki ya matsa gefe. "Ni dai ban gani ba."

Suka tari tasi suka shiga. Ruwa na dukan gilashi, masu jan kaya a kura suna ta kutsawa tsakanin motoci da dilolin tufafi a lulluɓe cikin leda. Ƙasimu ya rungume jakar a cinya kamar mai kai mara lafiya asibiti. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu ya fasa.

Koci Liang ce ke kula da ɗakin gwaji. Tsohuwar 'yar wasa ce, gajeriya, gashinta ya yi fari fat, kunnenta ɗaya ya mutu saboda ƙarar bindigogin ƙuruciya. Ita ta zauna da Radiyya duk kwana ukun nan, kuma a ma'ajiyarta bindigar take kwana. Da aka zuge jakar a gabanta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi Ƙasimu daga hula har takalmi, ta faɗi wata gajeriyar magana da Sinanci.

"Me ta ce?" Radiyya ta tambaya.

Ƙasimu, wanda ke jin yaren kamar ɗan gari, ya sosa ƙeya. "Gaisuwa ce."

Liang ta ɗaga yatsu biyar ta nuna agogon bango. Ƙarfe biyar za a rufe. Sha ɗaya da kwata ta riga ta yi.

Suka jera gwangwanayen a dogon tebur, goma-goma, layi goma. Liang ta kawo ƙaramin sikeli mai murfin gilashi da wani farantin ƙarfe mai ramuka, kowane rami da faɗinsa. Littafin Radiyya na gwaji yana nan, shi kaɗai ne Ƙasimu bai samu ya rage wa nauyi ba. A ciki ta rubuta cewa zubi na ɗaya da na biyar kawunansu sun fi siranta da ɗan abin da ido ba ya gani. Na uku kuma ya ɗara sauran nauyi kaɗan.

"Kai za ka riƙa buɗewa," ta ce wa yayanta. "Kada ka girgiza. Kada ka sa yatsa a ciki. Bakin ƙwayar ya fi fatar albasa laushi."

"To, ranki ya daɗe."

"Ba wasa nake ba."

Aiki ya kankama. Ƙwaya uku daga kowane gwangwani: a saka a rami, a ɗora a sikeli, a tura gwangwanin dama ko hagu. Wuyanta ya ƙage, idonta na dama ya fara yaji. Suka yi azahar a lungun ɗakin a kan kwalin da Liang ta shimfiɗa musu, Ƙasimu ya dubi kwalin ya kau da kai. Ƙarfe biyu da rabi suka gama. Sittin sun fita. Arba'in suka rage a tsakiyar tebur.

"Alhamdu lillahi," in ji Ƙasimu, yana tafa hannu. "Kin gani? An kusa. Rabi naki ne, ko wanne kika ɗauka ai..."

"Rabi na zubi na biyu ne."

"To me ya yi, na biyun?"

Ta buɗe littafin ta tura masa. Takardu biyu ne manne a shafi. A ta farko rami ɗaya ne tak, kamar an huda da ƙusa, alhali harbi talatin ne suka bi ta cikinsa. A ta biyu ma rami ɗaya ne, sai dai can gefe, nesa da shi da kamar faɗin ƙwayar gero biyu, akwai wani ƙaramin rami shi kaɗai.

"Nauyinsu ɗaya da nawa, faɗinsu ɗaya. Sikeli ba ya raba su. Na biyu zai ba ka ashirin da tara lafiya lau, ka saki jiki, na talatin ya bauɗe. Harbi sittin ake yi a gasa. Biyu su bauɗe, na dawo gida da jakata."

"Saboda wannan ɗan abin?"

"Saboda abin da bai kai shi ba na rasa zuwa wasan ƙarshe shekara huɗu da suka wuce."

Ya turo mata littafin. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni fa taimako na yi, Radiyya."

Abin da take ta dannewa tun safe ya taso mata.

"Kwana uku ina roƙonka ka zo ka ga abin da nake yi a nan. Ka ce kana da kwastoma. Ka gaya wa abokanka a gidan abinci ƙanwarka ta zo harbin ƙadangaru, suka yi dariya, ni ma na yi, don kada in kunyata ka. Da ka zo na awa ɗaya, Yaya, awa ɗaya, da ka san abin da ke jikin kwalin nan." Ta rufe littafin. "Kuma kai ne ka fi ni zama da Baba. Kai kake riƙe masa buhu in zai shiga dajin Falgore farauta. Ka taɓa ganin ya zuba wa doguwar bindigarsa harsashin gajeriyar?"

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. "Cewa yake kowace bindiga da abincinta."

"Ashe ka tuna."

Liang ba ta jin Hausa, amma ta san faɗan 'yan gida ɗaya in ta gan shi. Ta ƙwanƙwasa tebur da ɗan yatsa, ta nuna agogo. Uku saura kwata.

Lissafin a fili yake, kuma ba daɗi. Harbi goma daga kowane gwangwani ba zai tona asirin na biyu ba, tunda yana iya yin goma lafiya. Harbi talatin-talatin kuwa sau arba'in, ko kwana za su yi ba za su gama ba. Radiyya ta tsaya tana kallon gwangwanayen nan arba'in. Ashirin daga cikinsu an so su ishe ta atisaye da gasa har ta ajiye bindiga. Ta ja dogon numfashi ta sallama su a ranta.

Ta ɗaga wa Liang yatsa ɗaya. Gwangwani ɗaya. Ƙwaya ɗari biyar ce a ciki. In ta harba ɗari daga gwangwani guda babu wadda ta bauɗe, nata ne, kuma ragowar ta isa Alƙahira.

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta je ta fito da bindigar.

Suka ɗaure ta a teburin ƙarfe, suka ƙara matse kusoshi har ta zama kamar an gina ta a wurin. A nan ba gwanintar mai harbi ake aunawa ba, hannun mutum ba ya ciki. Radiyya ta rufe ido ta ɗauki gwangwani ɗaya. Ta saka ƙwaya, ta rufe, ta taɓa kunama. Tas. A allon kwamfuta ɗigo ya fito. Ta sake. Tas. Ɗigo a kan ɗigo.

Goma. Ashirin. Ƙasimu ya matso da kujerarsa yana ƙirgawa a fili. A na ashirin da bakwai ɗigon ya yi tsalle ya faɗa gefe.

"Wayyo!" ya ce, kamar an taka shi.

Radiyya ta rufe gwangwanin ta tura shi hagu. Ta ɗauki wani.

Wannan ya fi na farko mugunta. Ya wuce talatin, ya wuce arba'in, har Ƙasimu ya fara cewa "shi ne, wallahi shi ne", har ita ma zuciyarta ta fara yarda. A na arba'in da shida ya bauɗe. Liang ta duba kusoshin teburin, ta duba iskar bindigar, ta girgiza kai. Ba daga nan ba ne. Na biyu ne.

Huɗu saura minti biyar. Sai da aka sake cika tukunyar iska, wannan ma ya ci nasa lokacin. Gwaji ɗaya ya rage mata, babu wani bayansa.

Ta miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama. Talatin da takwas, duk fuska ɗaya.

"Yaya, zaɓo."

"Ni? A'a. Hannuna ya yi ɓarnar da ta isa yau."

"Kai ka cakuɗa su. Zaɓo."

Ya tashi, ya yi bisimilla, ya zaga teburin kamar mai zaɓen rago. Ya ɗauko ɗaya daga layin ƙarshe ya kawo mata da hannu biyu.

Tas. Tas. Tas.

Ba wanda ya ƙirga a fili wannan karon. Ruwa ya tsananta a kan rufin kwano. Ta saka, ta rufe, ta taɓa. Yatsunta suka yi baƙi da dalma. Talatin suka wuce. Hamsin. A na sittin Liang ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ɗigon da ke allo bai faɗaɗa ba, kamar harbi ɗaya ake ta maimaitawa. Saba'in da biyar. Idonta na dama na zubar da ruwa, ba ta tsaya sharewa ba. Casa'in. Ƙasimu ya kama bakin tebur, leɓɓansa na motsi.

Ɗari.

Liang ta buga takardar ta fito da ita, ta ajiye kusa da ta cikin littafi. Rami ɗaya, kamar an huda da ƙusa. Ta ɗaga yatsu huɗu, a karo na farko tun safe ta yi murmushi.

"Allahu akbar!" Ƙasimu ya daka tsalle. "Na gaya miki! Ban ce miki za a samu ba? Hannun nan nawa..."

Kallon da ta yi masa ya sa ya haɗiye sauran.

"Ashirin nake da su jiya, Yaya. Ɗaya zan koma da shi, shi ma ba cikakke ba. Daga yau har ranar gasa ba zan yi atisaye da abin da zan yi gasa da shi ba, don kada ya ƙare. Kada ka yi mini guɗa."

Ta yago salatif fari ta manna a murfin, ta rubuta 4 babba, ta sake rubutawa a gindin gwangwanin, ta ƙara a gefe. Sannan ta damƙe shi a tafin hannu. Sanyin ƙarfen ya ratsa ta. Ba murna take ji ba, gajiya ce. Amma tana da abin zuwa Alƙahira.

Biyar saura minti shida wayar Ƙasimu ta yi ƙara. Ya duba. "Osmanu ne." Ya kara a kunne, fuskarsa ta sauya. Kafin ya sauke wayar ƙofar ɗakin ta buɗe.

Wani dogon mutum ne ya shigo, cikin baƙar rigar ruwa, takalmansa na barin sawu a kan tayil. Radiyya ba ta taɓa ganinsa ba. Liang kuwa tana ganinsa ta miƙe tsaye, ta sauke hannuwanta a gefe kamar ɗaliba. Ya nuna mata katinsa na jami'in tsaro, ta sunkuyar da kai.

A hannunsa na hagu akwai takarda cikin leda, Radiyya ta gane tambarin da ke samanta: izinin fitar da kayanta ne, wanda ke ajiye a siton Osmanu. A na dama kuwa wani jiƙaƙƙen kwali ne daga cikin waɗanda tsohuwar ta kwashe, an take shi ya baje, guntun jan hatimi na reto a jikinsa. Ko daga inda take tana iya karanta lambar da ke kai.

Mutumin ya ajiye kwalin a kan tebur. Bai yi gaggawa ba. Ya bi gwangwanayen da ido, na dama, na hagu, na tsakiya, leɓɓansa na motsi kaɗan-kaɗan. Da ya gama ya juyo, ya yi magana da Turanci mai tsabta, a natse.

"Wane ne Ƙasimu?"

Ƙasimu ya ɗaga hannu kamar ba nasa ba.

"Za ka biyo ni. Kayan nan duka an riƙe su har a gama bincike." Ya sake duban takardar. "An rubuta ɗari a nan. Casa'in da tara nake gani."

Idonsa ya sauka a kan dunƙulallen hannun Radiyya, ya miƙo nasa a buɗe.